Tuɓau Bai Mutu Ba

Da sunan Wanda ya tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa, ya ɗaga tsiro ya mai da shi itace, ya ba itace inuwa, ya ba inuwa masu zama. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni ce Barira 'yar Dangana ta garin Tudun Gawo, wadda ta haye Kogin Shiru, ta ratsa Dajin Duhu, ta hau Dutsen Sanƙo ta sauko da ƙafarta. Mai son ji ya matso. Amma in faɗa muku tun yanzu, har yau raina a ɓace yake, kuma ba zan gyara labarin don ya yi wa kowa daɗi ba.

Babana mai dashen itace ne. Duk wata tsamiya da kuka da gawo da mutanen garinmu ke miƙe ƙafa a ƙarƙashinsu, hannunsa ne. Sai dai yana da wani hali. Duk abin da aka ce masa, sai ya ce "to". A ari fartanyarsa a ƙi dawowa da ita, to. A kora awaki su cinye masa dashe, a ce ya yi haƙuri, to. Ni kuma na gado shi tsaf. In babba ya yi min magana, kaina ƙasa, bakina to, ko da cikina yana tafasa.

Ina shekara tara wasu mutane sanye da fatu suka zo daga arewa mai nisa, daga wani gari wai shi Birnin Kangarma. Suka ce Magajiyar garinsu ce ta aiko su. Suna da wani dutse a saman garin, ko ciyawa babu a kansa, shi ya sa suke ce masa Dutsen Sanƙo. Duk ruwan da aka yi sai ya kwaso laka da duwatsu ya zuba musu a gidaje. Sun ji labarin mai dashe, suna so ya je ya rufe dutsen da itace. Shekara bakwai za a ba shi. In an auna dajin ya kai, ya dawo gida da mutuncinsa. In bai kai ba, ramin gawayi zai zama gidansa har ya mutu.

Baba ya ce to.

Inna ta bi shi har zaure. Ta ce, "Malam, ka ji ƙarshen maganar kuwa?"

Ya ce, "Na ji, Hansai. Ai mutanen daga nesa suka taho."

Shi ke nan. Don kar baƙi su koma da kunya, ya bar mu shekara bakwai.

A shekara ta bakwai ɗin, tsakiyar sanyi, wani bafatake ya sauka a garinmu da labari. Ya ce an auna dajin Dangana bai kai ba, wai rabin itacen ya mutu. An riga an kai shi ramin gawayi. Ƙarshen sanyi Magajiya za ta zauna ta tabbatar da hukuncin, a sare dajin, shi kuma ya ƙona shi da hannunsa.

Inna idonta ya fara rauni, ba ta iya tafiya. Na je wajen Baffa Tanimu, ƙanen Baba, wanda tun tafiyar Baba shi ke noma gonarmu yana aiko mana da abin da ya ga dama. Na durƙusa. Na shirya maganata tun daga gida, amma da ya ɗago ido sai duk ta watse.

Ya ce, "Na ji labarin. Shi ya kai kansa. Ke kuma tashi ki kawo min ruwa."

Na ce, "To, Baffa."

Wallahi na kawo masa ruwan. Na tsaya har ya sha ya miƙo min kwanon. Ina tafiya gida, ba haushinsa nake ji ba kamar yadda nake jin haushin bakina. Washegari da hantsi Inna ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da garin gero, ta cire koren mayafinta ta yafa min. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce zauna ba. Na fita kamar za ni itace.

Na bi ayarin fatake kwana talatin, har ƙasa ta daina zama ja ta koma toka-toka, har na daina ganin itacen da na san sunansa. A nan fataken suka karkata gabas, suka nuna min hanya da baki. Na tafi ni kaɗai har na iso Kogin Shiru.

Kogi ne mai faɗi, ruwansa yana gudu da ƙarfi, amma ko motsi ba ka ji. Na jefa dutse, ya nutse ba ƙara. A bakin ruwan wata tsohuwa ce mai fito, tana zaune a kwale-kwalenta, ta rataya wata gora a wuya. Gorar tana guna-guni kamar an tara ƙudan zuma a ciki.

Na gaishe ta. Ta ƙare min kallo, ta ce, "'Yar nan, saurara da kyau. Ba na karɓar komai a hannun mutum sai kalma ɗaya. Da na gama maganar nan, kalmar da ta fara fita daga bakinki ta zama tawa, ba za ki ƙara faɗinta ba har ki koma ga Allah. Ki yi tunani."

Na ce, "To."

Ta buɗe gorar. Na ji wani abu ya fice min daga maƙogwaro kamar ƙwallon goruba. Ta toshe gorar, ta yi dariya har tana tari.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina aikin nan. Wani ya ba ni sunan maƙiyinsa, wani ya ba ni yunwa yana zaton zai daina jinta. Ban taɓa samun mai sauri irinki ba. Shigo."

Na shiga ina huci. Na gwada faɗin kalmar, leɓena ya yi motsi, iska kawai ta fito. Har yau haka nake, sai dai in rubuta ta. A lokacin tsoro ne ya kama ni, don ban san me zan riƙa ce wa manya ba. Da muka kai ɗaya gaɓar tsohuwar ta ce, "Bi ta cikin dajin can. Ki yi sauri, kuma wannan mayafin naki bai yi min ba." Ban tambaye ta dalili ba. Ban saba tambaya ba.

A can na fara ganin dusar ƙanƙara, fara kamar audugar da aka shiɓa, ta rufe ƙasa, sanyinta yana cizon ƙafa. A can kuma na fara ganin itacen da ganyensa allurai ne. Dogo ne, miƙaƙƙe, kore shar a tsakiyar wannan sanyin, 'ya'yansa kamar ƙaramar abarba da aka sassaƙa da katako. Daga baya na ji Baba yana ce masa Kullum-kore. Mutanen Kangarma ne suka shuka wannan dajin a gindin dutse shekara ashirin da suka wuce, iri ɗaya zalla, kuma suka cusa shi kamar geron da ba a rage ba.

Da tsakar rana na shiga, amma ciki kamar magariba. Shi ya sa ake ce masa Dajin Duhu. Itatuwan sun yi sirara, da hannu ɗaya nake zagaye gindin kowanne yatsuna su haɗu. Rassan ƙasa duk sun bushe. Ƙasar ba ciyawa, ba tsuntsu. In iska ta kaɗa sai ka ji suna goga juna suna nishi, wallahi kamar suna cewa matsa, matsa. Wasu nauyin ƙanƙara ya karya su sun jingina a kan 'yan'uwansu.

Ina cikin tafiya na ji wani sauti a bayana, kamar ana jan tabarma. Na waiga. Tsutsotsi ne, kowace ta kai damtsen mutum, jikinsu duk gashi, sun jeru a layi ɗaya, kan wannan a bayan waccan, ban ga ƙarshensu ba. Na ɗaga kai na ga saman itatuwan da suka baro ƙwaƙwal, sun cinye alluran. Na karkata dama, suka karkata. Na yi gudu, suka ƙara sauri. Sai na tuna maganar tsohuwa. Kore suke bi. Mayafin Inna suke bi.

Da na so in jefar da shi in gudu. Amma shi kaɗai ne abin Inna da ke jikina, kuma na gaji da ba da abina. Na lura ta gaba ce kawai ke gani, sauran bin bayan ta gabansu suke yi ido rufe. Na sami sanda na ɗaura mayafin a kai, na riƙa jan sa a ƙasa a gaban jagorar, ina zagaya wani babban dutse da baya da baya. Ƙafafuna suna nutsewa, numfashina yana fita kamar hayaƙi. Na zagaya, na zagaya, har wutsiyar layin ta iso. Na kai hancin jagorar daidai bayan ta ƙarshe, na fizge mayafina. Ta manne mata. Suka ci gaba da zagaya dutsen, kowace tana zaton wata ce ta san hanya. Na tsaya ina kallonsu, sai mutanen garinmu suka faɗo min a rai. Na tofar da yawu na wuce.

Da na fara hawan dutsen sai haske ya dawo. Na san na shigo aikin Baba tun kafin a faɗa min, don layukan sun miƙe yadda yake miƙe kunya a gona, taku uku tsakanin kowane itace da ɗan'uwansa. Layi ɗaya Kullum-kore, layi ɗaya wani itace daban wanda ya fi shi tsawo, amma tsirara yake, ba allura ko ɗaya, sai 'yan ƙulle-ƙulle a jikin rassan. Na tsuguna na share ƙanƙara da hannu. Ƙarƙashinta allurai ne masu ruwan ɗorawa shimfiɗe, ƙarƙashinsu kuma baƙar ƙasa mai laushi, a kan dutsen da aka ce ko ciyawa ba ya riƙewa. Na kama gindin wani Kullum-kore. Hannu biyu na sa, da ƙyar yatsuna suka taɓa juna. Shekararsa bakwai, ya ninka na Dajin Duhu mai shekara ashirin. Na ga kuma wajen bakin dajin inda tsutsotsin suka taɓa ci, sun ci layi ɗaya, sun iske tsiraran itatuwan ba abin ci, sun juya.

Na sa farce na kankare bayan wani reshe na tsiraran. Ciki kore ne, da danshi.

Na zauna a ƙanƙarar nan na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Ni 'yar Tudun Gawo ce. A garinmu ko yaro ya san gawo yana zubar da ganyensa a tsakiyar damina, ya tsaya kamar busasshe, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kai. Wannan abin ne za a kashe min uba a kansa. Na karyo reshe guda na soke a cikin zanena.

Ramin gawayi yana bayan dutsen, wajen da hayaƙi ke tashi. Na sami Baba yana jera itace. Ya rame, gemunsa ya yi fari, gawayi ya shiga tsagar hannunsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Barira? Ke da wa?"

Na ce, "Ni kaɗai, Baba."

Ya riƙe kaina yana salati. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma da na share ido na fito da reshen na nuna masa inda na kankare.

Ya ce, "Tuɓau ke nan. Ni na sa masa sunan. A bayan wancan tudun na samo irinsa, mutanen nan ba su san shi ba. Da sanyi yake tuɓewa, da bazara ya sa sabuwar riga. Shi ke yin sauri ya kama dutsen, abin da ya zubar ya zama taki, rana ta samu ta shiga. Kullum-kore kuma ya tare masa iska. Kamar gero da wake dai."

"Ka faɗa musu?"

"Na faɗa wa Ma'auni. Zubbal sunansa, shi ke auna dazukan Magajiya. Su da inuwa suke awo. Farin ƙyalle yake shimfiɗawa a ƙarƙashin itace da tsakar rana, in rana ta fi inuwa yawa a kai, daji ya faɗi. Kuma ba ya hawowa sai da sanyi, don sai lokacin fadamar da ke hanya take daskarewa doki ya wuce. Ya zo ya tarar Tuɓau ya tuɓe. Ya ce matacce matacce ne."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya ci gaba da jera itacensa.

Na ce, "Baba, ka ce me?"

Ya ce, "Na ce to. Babban mutum ne, Barira. Ba a ja da su. Ke ma ki huta kwana biyu ki koma wajen mahaifiyarki, kin ji?"

Na buɗe baki in ba shi amsar da na saba. Iska ta fito. Na sake gwadawa, babu. Yana jirana, ni kuma ba abin da zan ɓuya a bayansa, sai abin da ke cikina ya fito da kansa.

Na ce, "Ba zan koma ba. Inna ba ta gani sosai yanzu, ka sani? Baffa yana cin gonarka yana auna mana hatsi kamar kaji. Shekara bakwai ina ɗebo masa ruwa. Ka san gaskiya tana hannunka, ka ajiye ta don kar ran wani ya ɓaci. Mu namu ran fa?"

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan gungume, ya ce a hankali, "Saura kwana tara a zauna."

Na nemi wata tsohuwar tukunya na zuba ruwa, na tsoma reshen, na ajiye shi gefen ramin inda ɗumi ke bugowa. Dabara ce ta gwaji, ban san ko za ta yi ba. Na ce in sanyi ne ya sa shi barci, bari in yi masa ƙaryar bazara. Kullum da safe sai in canza ruwan in duba. Kwana huɗu ba komai. Kwana shida ƙulle-ƙullen suka kumbura. Ranar ta takwas na kira Baba ya gani, ya tsuguna ya daɗe bai tashi ba.

Ranar zama aka sauko da mu Birnin Kangarma. Na rufe tukunyar da mayafin Inna na ɗora a ka. Magajiya tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan kujerar dutse, laka ta bar tabo a bangon fadarta har kusan wuyan mutum. Zubbal yana tsaye gefenta, ƙato, ya yafa farin ƙyallensa a kafaɗa kamar shi ya saƙa duniya.

Ya yi bayaninsa. Ya ce ya shimfiɗa ƙyalle sau bakwai a wuri bakwai, rana ta fi inuwa. Ya ce baƙon ya cika dutse da matattun sanduna. Sannan ya hango ni.

Ya ce, "Wannan kuma wace ce, da tukunya a ka? Yarinya, ba nan ake tallar koko ba. Koma baya."

Mutane suka yi dariya. Ƙafafuna suka so su bi umarninsa, sun saba. Bakina ya yi motsi, babu abin da ya fito. Sai na ji kaina ina cewa, "Ba zan koma ba."

Na sauke tukunyar a gaban Magajiya, na durƙusa, na ce, "Ranki ya daɗe, ni 'yarsa ce. Ina so in tambayi Ma'auni abu ɗaya. Itacen da ya ce ya mutu, zai gane shi?"

Zubbal ya ce, "Ko a mafarki. Mai ƙulle-ƙulle a reshe."

Na yaye mayafin. Reshen nan da ƙulle-ƙullensa, kowane ƙulli ya fashe ya fito da tuntun allurai kore masu taushi, kamar gashin jariri. Wata mata a baya ta ja numfashi. Magajiya ta miƙo hannu, ta shafa, ta shinshina.

Zubbal ya ce, "Tsafi ne. Mutanen kudu sun iya."

Nan ne abin ya kai min wuya. Na manta da durƙuso, na miƙe.

Na ce, "Ruwa ne da ɗumi, Malam. Kowa ya karyo ya gwada a ɗakinsa. Kai ne ka zo wa itace yana barci ka ce ya mutu. Shekara bakwai ba ka taɓa hawa da bazara ba don kar dokinka ya taka laka. Ƙyallenka duhu yake aunawa. Dajin Duhu ya ci awonka, ko ba haka ba? Na ratsa shi da ƙafata. Itacensa da hannu ɗaya nake zagayewa, tsutsa tana cinsa layi-layi, ƙanƙara tana karya shi. Ka taɓa kama gindin itace da hannunka kuwa, ko ƙyalle kawai kake shimfiɗawa?"

Baba yana ta jan gefen zanena yana cewa, "Barira, Barira." Ban kula shi ba.

Na juya wajen Magajiya na ce, "Ranki ya daɗe, ku inuwa kuka nema ko laka kuka ce a tsayar muku? Yaushe rabon da ta shigo gidan nan?"

Ta waiga ta kalli tabon bangon. Ta ce, "Shekara uku." Ta kalli Zubbal. "Ka ce min sa'a ce."

Zubbal ya hau gyara ƙyallensa a kafaɗa.

Ta ce a kawo mata abin hawa. A ranar, da tsufanta, ta hau Dutsen Sanƙo, rabin gari na biye da ita. Baba ya nuna mata yadda ake karanta shekarun Kullum-kore, don duk shekara zagaye ɗaya na rassa yake fitarwa. A Dajin Duhu tsakanin zagaye da zagaye taƙi ɗaya ne. A dajin Baba kamu ɗaya ne har da ɗoriya. Ta sa Zubbal ya auna da hannunsa, itace goma can, itace goma nan, yana faɗa da ƙarfi kowa yana ji. Ta sa ya kankare Tuɓau guda ashirin da farcensa. Duk kore. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma har yanzu ban ji ba.

Magajiya ta ce, "Daji ya kai. Dangana, ka fita daga ramin gawayi."

Na zaci shi ke nan. Sai ta ci gaba. Ta ce, "Amma ka ga ɗaya gefen dutsen har yanzu sanƙo ne, Dajin Duhu ma yana son hannu. Ka ƙara mana shekara bakwai. Za mu riƙe ka da daraja."

Na ga leɓen Baba ya tattaru. Na san abin da ke zuwa, na san shi kamar sunana. Na shiga tsakaninsu.

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Bakwai aka ce, bakwai ya yi. Yana da mata da ba ta gani, yana da gona. Zai zauna har Tuɓau ya sa riga, ya nuna wa mutanenku inda irin yake, da yadda ake haɗa su, da yadda za a rage Dajin Duhu ya sha iska. Daga nan mu tafi. Hannu gare ku kamar kowa."

Dogarawa suka kalli juna. Magajiya ta kafe ni da ido, ni kuma na kafe reshen da ke hannunta, don ba zan iya kallon fuskarta ba.

Can ta ce, "To."

Ban taɓa jin wani babba ya faɗa min ita ba sai ranar.

Muka zauna har bazara. Na ga dutsen nan ya canza a cikin kwana goma, layukan Tuɓau suka yi kore mai haske a tsakanin kore mai duhu, tsuntsaye suka cika shi. Mutanen gari suka riƙa hawowa ta cikin laka suna taɓawa. Baba ya koya musu abin da zai koya, muka ɗaura kayanmu.

Da muka iso Kogin Shiru tsohuwar tana nan da gorarta. Ta gane ni. Ta ce, "Ke kin biya, ba na karɓa sau biyu." Ta juya wajen Baba, wanda da zuwa 'yan aiken Magajiya suka zagaya da shi ta gabas bai bi ta nan ba, ta karanta masa sharaɗinta, kalma ɗaya, wadda ta fara fita, ya yi tunani.

Da na so, da na taɓa shi. Da na gargaɗe shi tun a hanya, kwana biyu muna tafe ina sane. Na kalli ruwa na yi shiru.

Baba ya ce, "To."

Tsohuwar ta toshe gorarta, ta kalle ni ta gefen ido, ta kama tuƙi.

Mun iso Tudun Gawo ana shirin shuka. Inna ta shafa fuskar Baba da hannu biyu, ta shafa tawa, ta karɓi mayafinta ta ce yana warin hayaƙi. Washegari da safe Baffa Tanimu ya zo gaisuwa, muna zaune a ƙofar gida. Ya yi barka da zuwa, ya yi doguwar addu'a, sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Yaya, ai kai ka gaji. Ka bar min gonar nan daminar bana ma, in ya so baɗi ma gani."

Baba ya buɗe baki. Iska ta fito. Ya sake gwadawa. Ya juyo ya kalle ni, ni kuma na ɗaga kai ina kallon gawon ƙofar gidanmu da ya fara zubar da ganye. Ban taimake shi ba.

Sannan ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba, "A'a, Tanimu. Gobe zan fita da iri."

Nan tafiyata ta tsaya, nan bakina ya tsaya. Abin da na gani na faɗa, abin da ban gani ba na bar wa Mai gani. Wanda ransa ya ɓaci da jin wannan, ya sani nawa ya riga nasa.